Taku Dubu Tara na Iya Tabawa

Hantsi ya fito, yayyafin asuba ya bar ƙasa da laima, sai ga Dakta Sahura daga jami'a ta yi sallama gidan Iya Tabawa.

Shekara biyu ke nan da jami'a ta raba wa tsofaffin unguwa munduwa mai ƙirga taku. Wanda takunsa ya gaza ɗari biyar kwana uku a jere, mota kan zo ta kai shi gidan kula da tsofaffi. An ce wurin da kyau, amma tun da aka kai maƙwabcinta Malam Ilu, ɗakinsa har yau a kulle yake. Ga Iya kuwa, gwiwa ta hana ta motsi tun ranar Juma'a.

"Iya, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Garau nake, 'yar nan. Ba ku gani a na'urarku ba?"

"Mun gani. Jiya taku dubu tara, har da tsallake katanga sau biyu."

Nan akuyar Iya ta gifta tsakar gida, munduwa tana ƙyalli a ƙafarta. Iya ta sunkuyar da kai.

Sahura ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa ta taɓa gwiwar a hankali. "Akuyarki ce ta bakwai da muka gani da munduwa a watan nan, Iya. Mun gane laifin namu ne. Daga gobe ɗalibanmu za su riƙa zuwa su gasa miki gwiwar nan gida. Ba inda za ki."

Da za ta fita, ta jawo randar ruwa kusa da ƙofar ɗaki. Iya tana can tana yi wa akuya faɗa, ba ta ma gani ba.