Kankanar Suruki a Ranar Gayya

Zauna in ba ka misali, tunda ka ce nauyin mutum ne ya hana ka faɗa masa gaskiya.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wata mata da ta yi suna wajen haɗa lemon kankana. Ba wani asiri gare ta ba, sai ɗabi'a guda da sauran mata ke yi mata dariya a kai: ba ta taɓa fasa kankana biyu a ƙwarya ɗaya. Kowace da tata ƙwaryar. Sai ta kwashe jan, ta tsince 'ya'yan, ta dame da ludayi, ta tace da farin ƙyalle, ta ɗanɗana, sannan ta yarda ta juye a randa inda citta da lemon tsami ke jira. Mata suna tsokanarta cewa wanke-wanke kawai take ƙara wa kanta, ita kuwa ko a jikinta.

Wata bazara, damina na ƙofa, surukinta, uban mijinta, ya kira gayya a yaɓe masa rufin ɗakuna kafin ruwan fari. Maza wajen arba'in suka hau aiki tun hantsi, rana kamar ta fasa kai, kuma abin da za su jiƙa maƙoshi da shi a hannunta yake. Kankana goma sha biyu aka kawo mata daga kasuwa, sai ta goma sha uku da tsohon ya ɗauko da kansa, rungume a ƙirji yana nishi. Wata uku ya yi yana lallaɓa ta a lambunsa, yana rufa mata ciyawa, yana korar birai, ya hana a tsinke ta don ta jira wannan rana. Duk wanda zai hau tsani sai ya gaya masa yau zai sha abin da bai taɓa sha ba. To, wuƙa na shiga sai matar ta ji wani ɗan huci ya fito. Jan ya yi duhu, ya saki, da ta taɓa a harshe ta ji tsamin abin da ya fara lalacewa. Jiran ya yi wa kankanar yawa. In ta juye, randar duka ta tashi aiki, maza arba'in su koma gida da murɗar ciki. In ta zubar a ɓoye, ta bar dattijo yana alfahari da abin da babu shi. Ga shi kuma mutum ne da shekara goma sha biyar ko sunansa ba ta faɗa, ko ido ba ta haɗawa da shi, balle ta buɗe baki ta ce abinsa ya ɓaci. Wata maƙwabciya ta raɗa mata ta antaya sukari, wa zai gane? Ta girgiza kai.

Sai ta ɗauki ƙoƙo biyu, ta ɗebi na randa a ɗaya, na kankanar lambu a ɗaya, ta same shi shi kaɗai a inuwar darbejiya. Ta durƙusa daga gefe, kai a ƙasa, ta ce, "Baba, ban haɗa ba tukuna. Wannan na lambu ne, wannan na sauran. Sai abin da ka ce." Tsoho ya fara da nasa cikin fara'a, ya kurɓa, ya juya kai ya tofar. Ya kurɓi ɗayan, ya haɗiye, ya ajiye ƙoƙon. Abin ya yi masa ciwo, babu shakka, amma ya gane ta bar masa ya zama shi ne ya gano da bakinsa, ba tare da kunnen kowa ya ji ba. Ya miƙe ya ɗaga murya ya ce wa masu yaɓe ya ɗanɗana kankanarsa ya ji ta tsufa kamar mai ita, don haka ya yi wa jakinsa kyautarta. Aka kwashe da dariya, har da shi. Da azahar aka yaye jiƙaƙƙen buhun da aka rufa wa randa, maza suka sha lemo mai sanyi har suna kankare gindinta da moda, aka gama rufin kafin la'asar, ba wanda ya riƙe ciki.

Ni dai matar nan tana burge ni, don ba ta zubar da kunya ba, ba ta kuma bar kunya ta shayar da mutane ruɓa ba. Ta san cewa abin da ya lalace ba ya gyaruwa don ya fito daga lambun babba, sai dai ya ja sauran su bi shi. Shi ya sa magabata suka ce, wake ɗaya ke ɓata gari.