Akori-kurar Malam Kabo

Notin ya kwance a juyin farko, kamar jiya aka ɗaura shi. Musaddiq ya zare kabiretar, ya kakkaɓe kiyashin da suka hau masa hannu, ya naɗe ta a tsohuwar riga, sannan ya leƙa tsakar gida. Iya tana barcin rana. Tun tasowarsa bai taɓa ɗaukar ko ƙuli-ƙuli ɗaya a farantinta ba da izini ba, yau ga shi da gemu da 'ya'ya yana yi wa uwarsa sata.

Motar ta mahaifinsa ce, marigayi Malam Kabo direba. Fijo 404 ce akori-kura, ta tsufa tana jigilar gero da awaki tsakanin Daura da Kongolam. Tun rasuwarsa take girke a kan duwatsu a kangon bayan gida, tsatsa ta cinye ƙasanta, kaji suna ƙwai a kujerarta, ko'ina gashinsu. Ranar da yayansu Harisu ya kawo 'yan gwangwan su saye ta a kilo, Iya ta tara 'ya'yanta duka ta ce, "Muddin ina numfashi ba mai taɓa motar Malam. Ba na sayarwa, ba na kuma ba ɗaya in hana ɗaya."

Musaddiq shi ne autan gidan, malamin zane a sakandare, kuma ciwonsa ɗaya a duniya tsofaffin akori-kura. Wasu tantabara suke kiwo, shi mushen mota yake kiwo. Ya sayo gangar jikin wata 404 daga Kongolam, ba inji ba hanji, ya kafe ta a gidansa, ya zana yadda za ta zama: fenti shuɗi, bayanta katakon maɗaci, kujera jar fata ɗinkin dukawa. A takarda kam ta gama haɗuwa. Sai dai kayan 404 sun ƙare a kasuwa. Ya zaga Katsina da Kano har Damagaram, masu kayan gyara suna yi masa dariya.

Daga nan shaiɗan ya tuna masa da kangon bayan gida.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci yakan zo gidan Iya cin dambu. Tana kishingiɗa sai ya zagaya, ya ciro alli daga aljihu kamar yadda ya saba a aji, ya ɗan ɗiga alama a kan abin da yake buƙata, ya auna girman notin. Juma'a mai zuwa ya zo da sifana daidai da shi. Haka lagireto ya tafi, haka agogon mai, haka hannun giya. Ya dogara da yanar da ta fara rufe wa Iya ido, kuma wannan dogaron ne ya fi komai ci masa rai.

Abin mamaki, ƙarfen da ya shekara da shekaru a ruwa da rana bai taɓa yi masa gardama ba. Ya ce a ransa aikin Faransawan da ne, ba irin na yanzu ba. Kiyashin nan ne kawai matsalarsa, duk notin da ya nufa sai ya same su sun riga shi.

Iya kuwa sai ƙara masa tsoka take yi a kwano. Ta yi masa ƙorafin gwiwa, ya sayo mata man zafi. Ya ga jan tabo a gefen zanenta, ya zolaye ta da cewa goro ya fara fin ƙarfinta. Ta cika masa kwalba da man gyaɗar da ta matsa da hannunta, ta sa masa albarka har ƙofar zaure. Kowace "Allah ya yi maka albarka, Auta" sai ta sauka a ƙirjinsa kamar dutsen niƙa. Ya san ranar da ta gane, ba zagi za ta yi ba. Shiru za ta yi, ta daina kiransa Auta, kuma bai san yadda zai rayu da wannan ba.

Ranar da makanike ya haɗa kayan da wani tsohon inji da ya samo, ya tayar da tasa motar, yara suka yi ta tsalle. Shi kuwa ya ji ƙarar da yake ji yana ƙarami in Baba ya dawo daga Kongolam, sai ya shige ɗaki ya rufe ƙofa.

Saura sitiyari. A jikinsa akwai wuri biyu da suka yi sulɓi, inda tafin Malam Kabo ya goge su, kuma Musaddiq ya sha ganin Iya ta zura hannu ta taga tana shafa wurin. Duk da haka ya ɓalle murfin, ya ɗiga alli a kan babban notin.

Ran Alhamis ya kasa daurewa. Ya bar makaranta da hantsi, ya kwance abin da zai iya kwancewa daga tasa motar, ya zuba a buhu. Zai goge allin, ya mayar da komai, ya durƙusa a gaban Iya, ta yi masa duk abin da ta ga dama. Ya shigo ta ƙofar kango yana sanɗa, ƙamshin suyar gyaɗa yana tashi daga tsakar gida.

Ƙofar motar a buɗe take. Iya tana zaune a kujerar direba, fuskarta dab da sitiyari tana laluben farin allin, gwangwanin man gyaɗa a cinyarta, gashin kaza a hannunta tana tsomawa tana ɗigawa. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi buhun.

"Yau ai Alhamis ce, Auta. Koma sai gobe, wannan ya fi sauran taurin kai, bai gama shan man ba."