Liƙin Yaya Zakari

Tun da aka jingina sabon ɗakin bulo da tsohuwar katangar ƙasa a gidansu da ke Illela, hankalin Hindatu bai kwanta ba. Inda ginin biyu suka haɗu akwai tsaga tun daga ƙarƙashin kwano, tafin hannunta na shigewa ciki. Ga damina ta matso.

Mijinta Sufyanu ya kira yayansa Zakari, wanda ke taɓa gini idan kasuwar albasa ta yi sanyi.

Ta bayan labule Hindatu take kallo. Ta ga Zakari ya cusa takardun buhun siminti a tsagar. Ya kawo farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, ya narka shi a fetur, ya shafe saman. Kafin la'asar har ya wanke hannu.

Da ya tafi ta ƙwanƙwasa wurin. Holoƙo.

"Baban Shahida, wanga liƙi fa na toshe ƙofar ƙusa a kwano ne," ta ce wa Sufyanu. "Ban taɓa ganin an toshe tsaga mai faɗi haka da shi ba. Ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi mi? In ce matata ta ce bai iya ba?"

"To ka kira wani ya duba."

"In Yaya ya ji labari fa? Ke dai kin cika zargi. Ko ladan ya kira salla sai kin leƙa rana."

Ita kuma ba ta iya ɗaga ido gaban yayan miji, balle ta yi masa gyara. Washegari ma ita ta aika masa da tuwo na godiya.

Rana ta gasa liƙin ya tsattsage. Ruwan farko ya bi ta ciki, takardun suka jiƙe suka riƙe shi. Hindatu ta ga gindin katangar ya yi duhu, ta sake magana, Sufyanu ya ce a bari sai damina ta wuce. Sai ta janye katifar ɗiyarsu Shahida, 'yar shekara uku, zuwa ɗaya bangon, tana ganin ta yi dabara.

Ba ciki katangar ta faɗo ba. Wani hantsi bayan ruwa, Shahida na wasa a tsakar gida, katangar ta rufto waje a kanta.

An ceto ranta, amma ƙafar hagu ta karye wuri biyu. Har yau da ɗingishi take zuwa makarantar allo.

'Yan uwa, tsaga mai faɗi ba a shafe ta. A cike ta da bulo da siminti, a rufe samanta da fallen kwano, a bi gefen da kwalta. Idan kuma ranku bai yarda da aiki ba, ku kira wani ya duba, ko wane ne ya yi shi. Jin nauyin babba ba zai riƙe katanga a kan 'ya'yanku ba.