Shirun da Ya Shiga Faifai

Da la'asar, a wani ɗakin ɗaukar faifai a New York, injiniya ya sako wa makaɗan abin da suka buga yanzu. Tsohuwar waƙar jaz ce da aka sha ɗauka tun zamanin iyayensu, kowa ya san tafiyarta: amshi sau biyu, sai wani sashe daban a tsakiya da ake kira gada, sai a koma amshi.

Odessa mai piyano ta kasa kunne. A kan gadar, inda ya kamata ƙahon Lemuel ya shigo, piyanonta kaɗai ake ji.

"Shekara shida muna kiɗa tare, ban taɓa jin ka makara ba," ta ce. "Barci ka yi ne, malam?"

Lemuel ya jujjuya ƙahon a hannunsa. "Kin canza sautin da kika saba ɗora mini. Na ɗago in ga lafiya, sai na ga hannunki."

Ta dubi yatsanta. Zoben baikon da wani likitan Baltimore ya sa mata babu shi, sai shatinsa.

"Takura mini yake yi wajen kiɗa."

"Wata takwas bai takura miki ba."

"Jiya na mayar masa." Ta ɗago ido a hankali. "Ba ka da wata tambaya?"

Ya waiga wajen sauran makaɗan. "Akwai. Amma ba a gaban waɗannan magulmatan ba."

Mai ganga ya ƙirƙiro tari.

Injiniya ya leƙo. "Mu sake ɗauka?"

"A'a," in ji Odessa, idonta a kan Lemuel. "A buga faifan haka. Ina so in riƙa jin wurin nan."