Wejin da Fako Ya Sassaƙa

To, tunda ka ce jiya an auna ka, na'ura ta ce ka sauya wejinka na golf, ajiye jakar nan tukuna, ƙanena, ka ji abin da ya sami wani dattijo. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, shekara talatin yana buga golf a filin garinsu, irin filin da in rani ya shiga ciyawa sai labari, ko'ina fako, ramin ma a cikin yashin da aka kwaɓa da baƙin mai yake. Dogon bugu kam ba shi da shi, yaran zamani sun bar shi a baya. Amma bari ya matso kusa da rami ya zaro weji, gajeriyar sandar nan mai kwantacciyar fuska da ake ɗaga ƙwallo da ita, nan kowa yake kama bakinsa. Guda biyu gare shi, duk sun yi tsatsa, gindinsu ya siɗe ya yi siriri saboda gogar ƙasa. Da su ya ci kofin dattawan kulob sau biyu a jere. Dokar kulob kuwa, wanda ya ci sau uku a jere ya tafi da kofin gida ke nan har abada. Ga shi likita ya riga ya gaya masa, da gwiwar nan tasa, bana ce shekararsa ta ƙarshe a fili.

Ana saura sati uku gasa, 'yarsa da ke aiki a babban birni ta ce sai ta yi masa gata. Ta kai shi wani shago mai sanyi, aka tsayar da shi a kan kafet mai laushi, yana bugu kwamfuta tana lissafi. Mai awon ya ɗaga tsofaffin wejin, ya juya su, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai waɗannan sai gidan tarihi." Ya kawo masa sababbi fil, masu faɗin gindi, suna ƙyalli. A kan kafet ɗin, wallahi, ƙwallo tashi take kamar an aike ta. Zuciyar dattijo ta ce masa, kai, ƙasar garinku fa ba haka take ba. Maganar ta zo har bakinsa. Sai ya dubi 'yarsa tana ta fara'a tana ɗaukarsa hoto, ya dubi allon da ke ta zuba lambobin da bai san kansu ba, ya ji kunyar a ce tsoho ɗan ƙauye yana gardama da na'ura. Ya haɗiye. Tsofaffin ma nauyin mayar da su jaka ya ji, ya bar su jingine a bayan ƙofar shagon.

Ranar da ya koma filinsu, bugun farko ya gane ya yi wa kansa. Faffaɗan gindin nan don ƙasa mai taushi aka ƙera shi. Da ya daki fako sai ya yi tsalle, bakin ƙarfen ya sari ƙwallon a ciki, ta fita a guje ƙasa-ƙasa. Ashe siɗewar da aka yi wa dariya ita ce awon gaskiya, ƙasar garinsu ta shekara talatin tana sassaƙa masa shi. Ya buga waya shagon yana neman tsofaffin, aka ce ai 'yan gwangwan sun kwashe tun shekaranjiya. Ya gwada aro, hannu ya ƙi. Ya kai sababbin wajen mai walda a rage musu gindi, aka ƙara ɓata su. Duk da haka, da taurin rai da sanin fili, ya ja gasar har ramin ƙarshe suna kunnen doki da abokin karawarsa. Ƙwallonsa ta tsaya taku ashirin daga yashi, a kan fako tsantsa, bugun da a da ko idonsa a rufe zai yi. Ya zaro sabon wejin, ya buga. Ƙwallon ta tsallake rami, ta tsallake yashi, ta faɗa kwalbati. Wani ya tafi da kofin, shi kuwa ya ɗingisa zuwa mota shi kaɗai. Da la'asar 'yarsa ta kira cike da murna, "Baba, yaya sababbin sandunan?" Ya ce, "Lafiya lau, Allah ya yi miki albarka."

Abin da ke ƙona min rai, ba mai awon ba ne, shi abin da aka tsayar a gabansa ya auna, bai taɓa taka filin ba. Mutumin da ya san ƙasarsa ya yi shiru don kada a ce bai waye ba, shi nake jin haushi, kuma shi nake tausayi. Saboda haka in za ka sauya, ɗauki sabon ka kai shi inda kake wasa, ka daki ƙasar da shi, tsohon yana cikin jakarka. Hausawa dai sun gama magana: garin neman gira, a rasa ido.