Yau Ranar Wa Ce?

Na dawo daga kemis da mugun labari a bakina: kuɗin maganinmu ya ninka. Na tsaya a ƙofar ɗaki na tambayi matata, "Yau ranar wa ce?"

Shekara uku ke nan mu biyun muna fama da hawan jini, albashin koyarwa kuwa maganin mutum ɗaya yake iya saya. Sai muka raba, yau ni, gobe ita. Wanda ya sha maganin shi ke karɓar ɓacin ran ranar, ko na mai gidan haya ne ko na jarrabawar yara. Faɗa ma ya gagare mu, don a ranata ita ba ta da damar fushi, a ranarta kuma ba a tayar mini da hankali. Maƙwabta har turo mana sababbin ma'aurata suke su koyi zama.

Ta girgiza kwalbar maganin, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki.

"Ba ta kowa ba ce, Malam. Lafiya?"

Na haɗiye labarina. "Lafiya lau. Kin yi kyau yau."

"Kai ma," in ji ta, tana tura takardar mai gidan haya ƙarƙashin matashi.