Rumfar Ko-ta-kwana

Tun kafin a buɗe zauren baje kolin, wata mai sayar da sabulu allon rumfarta ya faɗo mata a ƙafa. Karonta na farko ke nan, kuma ko ƙusa ɗaya ba ta zo da ita ba.

Maƙwabcinta, mai sayar da kayan sola, ya leƙo yana girgiza kai. Ko-ta-kwana ake ce masa, sunan kuwa ya bi jiki. Akwati uku ya zo da su na maganin matsala kawai: guduma, gam, lema, kwaɗo, maganin shaƙewar murya, har da rigar canji ko shayi zai zube masa.

"Ƙanwata, mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka," ya ce. Ya ara mata guduma, ya haɗa mata da wa'azin minti ashirin kyauta.

Zauren ba taga, amma rumfarsa sai ka ce tsakar rana. Ƙwan fitila arba'in, fankoki na juyawa, firji na gurnani, batura jere bisa shimfiɗaɗɗen kafet da ya hana kowa takawa. Jama'a suka yi masa dafifi har suka toshe mata ƙofa. Ta wuni tana kallon ƙeyar mutane, sabulu biyu kacal ta sayar.

Da la'asar wani mai asibiti ya zo da tawagarsa, yana neman wanda zai sa wa ɗakin tiyata sola. Ko-ta-kwana ya daki ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ni da kamfanin wuta ko gaisuwa ba ma yi."

Mai asibiti ya zaro biro. Sai ɗif, aka ɗauke wuta.

Ihu ya tashi, kwalabe suka fashe, wani ya yi ciki da teburinta. Ta tattara sabulunta a zani, ta haɗiye girman kai, ta ce bari ta fake a rumfar maƙwabci, tunda can ne kaɗai haske ba zai yanke ba. Ta yi ta lalube ba ta ga rumfar ba, har ta yi tuntuɓe da mutum durƙushe bayan firji, ya manna waya a kunne yana raɗa cikin muryar da ta sha wa'azinta da safe:

"Kai mai gyaran wuta, ba kai ka rantse mini layin da ka jona mini ba ya ɗaukewa ba?"